Malam Ishiyaku, Mai Sauraron Famfon Mai

Idan aka idar da sallar asuba a Rano, Malam Ishiyaku ba ya komawa shimfiɗa. Yakan bi gefen titin Kibiya a hankali, hazon damina bai gama sauka daga kan duwatsu ba. Garejinsa rumfar kwano ce a gindin darbejiya, ƙasar wurin ta yi baƙi da man dizal na shekara da shekaru. Sai ya yayyafa ruwa ya share, ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota yana kallon gari yana wayewa. Motocin da suka kwana a wurin suna jere, raɓa na gangarowa a gilasansu.

Sana'arsa ita ce gano abin da ke hana mai ya isa inji a motocin dizal. Direba zai zo ya ce mota tana wuyar tashi da safe, ko tana sarewa idan ta kama hawa, ko ta mutu kawai a tsakiyar hanya. Malam ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya ce a kashe rediyo, a murɗa makulli amma kada a tayar. Ya durƙusa wajen tanki, ya lumshe ido. Famfon da ke turo mai yana da wata 'yar ƙara siririya, kamar ta ƙudan zuma daga nesa. A cikin wannan ƙarar yakan ce yana ganin man yana tafiya a duhun bututu, yana ratsa filta, yana hawa har inji. Idan ƙarar ta yi rauni, sai ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai ya zuba wa allurar ido. Idan babu ita sam, sai ya bi wuta: fiyus, waya, har inda ta yanke. Famfo da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa sun tashi a hannunsa, don laifin ba nasu ba ne.

Abdurrahim, wani direban a-kori-kura daga Lausu, har yau idan yana ba da labarinsa sai muryarsa ta sauka. Wata damina bayan azahar, kububuwa ta sari mahaifiyarsa, Inna Baraka, tana cirar ciyawa a gona. Ya kwantar da ita a mota ya nufi asibiti. Suna haye wani rafi da ya kawo ruwa, motar ta fara tari, ƙarfinta ya zube, ta tsaya cik tsakanin gonakin dawa. Babu mota gaba, babu baya. Ƙafar Inna ta kumbura, dasashinta ya fara jini. Ya kira Malam a waya.

Malam ya iso a babur, rigarsa duk taɓo. Ya leƙa ya gaida mara lafiya tukuna.

"Sannu, Inna. Yanzu za ki tafi da yardar Allah."

"Baba, na yi ta buga ta, ta ƙi," in ji Abdurrahim.

"Daina bugawa, kada batir ya ƙare. Murɗa kawai, ka yi shiru."

Iska na kaɗa ganyen dawa, Inna na nishi ƙasa-ƙasa. Malam ya kara kunnensa a jikin tanki. Babu komai. Ya zare fiyus ya ɗaga shi ga haske, lafiya lau. Ya ciro rila, ɗan akwatin nan baƙi da ke buɗe wa famfo wuta, ya musanya shi da na hon. Ƙarar ta zo, amma kamar numfashin wanda ya gaji. Nan take ya kwanta a cikin laka ya shige ƙarƙashin motar. Wayar da ke haɗa famfon da jikin mota ta yi tsatsa, ruwan rafin ya ƙarasa ta. Ya kankare ta da wuƙa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tam.

"Sake murɗawa."

Ƙarar ta fito sosai. Abdurrahim ya tayar, inji ya amsa.

"Tafi, ina bayanka. Kada ka tsaya yi mini godiya."

Haka ya bi su a babur har ƙofar asibiti, ko da za ta sake tsayawa. Inna Baraka ta warke. Bana ma ita ta shuka gyaɗarta da hannunta.

Malam, kai ne makaniken da ba ya sa a kwance abin da yake lafiya. Kai ne wanda 'yan kasuwar Kibiya ke loda kaya su kama hanyar Kano hankali kwance, don motar ta bi ta hannunka. Mai kunnen zinariya, haka direbobi ke kiranka a tasha, kai kuwa sai ka yi murmushi ka ce su dai riƙa sauya filta, su guji man da aka gauraya da ruwa.

Farkon daminar nan Abdurrahim ya sake kawo motar, tana sarewa a hawa. Malam ya durƙusa kamar kullum, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Famfon nan bai tashi ba."

Abdurrahim ya sunkuyar da kai. Daga inda yake tsaye yana jin ƙarar.

"Baba... ai yana yi."

Malam ya ɗora tafin hannunsa a kan tankin. Ƙarfen na ɗan motsi a ƙarƙashin fatarsa. Ya jima a haka, yana kallon can wajen duwatsu.

"Yana yi kuwa," ya ce a hankali.

Ya ƙarasa aikin, filta ce ta toshe. Da ya wanke hannu sai ya ce bayan kaka zai bar garejin ga waɗanda ya koya wa. Aka yi ta roƙonsa, aka ce ai agogon awo yana nan, idonsa ma garau.

"Zan iya lallaɓawa," ya ce. "Amma wata rana zan sallami mota ban ji abin da ke cikinta ba, ta je ta tsaya da wani a daji. Gara in sauka tun mutane na yarda da ni."

Mun gode, Malam Ishiyaku. Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutun nan ya zame maka lafiya. Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, ku koyi natsuwa kafin ku kwance, ku tuna akwai rai a cikin kowace motar da aka kawo muku. Malam zai koma gonarsa a Dawaki. Duk wanda hanya ta bi da shi can, ya ratse ya gaishe shi. Ku zauna ta damansa, wajen kunnen da ya fi ji, ku ɗan ɗaga murya, ku faɗa masa motar tana tafiya lafiya.