Taken Mamaci

Da biro na ce ki rubuta, takwara. Wayar nan kuma ki kife ta. Na ga kin aje ta kusa da gwiwata kamar mantuwa kika yi, to ba mantuwa ba ce. An taɓa aje wa kakanki irin wannan abu kusa da gwiwa, ina tsaye bayan zana ina kallo.

Wadda nake wa magana jikata ce, sunana aka sa mata. Tana aiki a wani babban ɗakin taro a nan Dutsin-Ma, ita ke shirya wanda zai hau dandamali ya yi waƙa ko wasa, wa zai fara, wa zai rufe. Aikin kakanta ke nan, Allah ya jiƙanshi, sai dai shi a fili ya yi nashi. Yanzu ta ce mani akwai wata dabara a cikin waya, wai ƙirƙirarriyar basira, a gaya mata irin mutanen da za su zo, ita kuma ta jero masu wasa. Ta roƙe ni in faɗi yadda marigayi yake jera nashi, don a koya wa abin. Da na ji haka sai da na yi kuka, don na taɓa jin wannan roƙo.

Ni 'yar Kurfi ce, aure ya kawo ni Dutsin-Ma tun Turawa ba su tafi ba. Maigidana manomi ne, amma ba da noma aka san shi ba. Sarkin Wasa ake ce mashi. In an gama girbi, gero ya shiga rumbu, akan yi kalankuwa, wato wasan murnar kaka, kwana uku a filin bayan kasuwa, daga la'asar zuwa kiran magariba. Makaɗa su zo, 'yan kokawa su zo, 'yan kama masu ba da dariya su zo. Shi ba ya kiɗa, ba ya waƙa, ko tafi bai iya daidai ba. Nashi sanda ce, wata 'yar gora mai kan fata. Wanda ya nuna da ita shi zai shiga fili. In ya sauke ta ƙasa, kiɗa ya tsaya, ko da makaɗi yana tsakiyar daɗi.

Mutane suna ganin abin ba wuya. Ba su san tun ana yankan gero yake hawa keke ba, ya bi Kurfi, ya bi Ɗantutture da ƙauyukan da ke tsakani, yana gaisuwa yana sauraro. Rabin sauraron kuwa ni nake yi mashi. Ƙosai nake toyawa, mata suna zuwa saye, kuma a wurin sussuka ba abin da ba a faɗa. In ya dawo sai ya jingine keke ya ce, "'Yar Kurfi, me kunnenki ya kamo yau?"

In ce, "Kunnen na banza ne? Ina gorona?"

"Goro ɗaya, labari ɗaya."

Sai in faɗa mashi. Wane ya saki ƙanwar wane, kada a haɗa su kokawa, ba wasa za su yi ba. Makaɗin Fulani yana fushi tun bara da aka sa shi bayan na mahauta. Wane ya rasu. Wannan na ƙarshe shi ne babba, saboda take.

Take kiɗa ne na mutum ɗaya. Kowane gwani yana da nashi, makaɗi ya yi mashi shi daidai jikinshi kamar riga. In aka buga takenka, an kira ka ke nan. Ko tuwo kake ci sai ka aje, jiki ya ɗauki tsuma, ka fito ka yi kirari. Shi ya sa a wajenmu ba a buga taken mamaci. Wa kake kira? Sai a bar shi ya kwanta, har in wani ɗa ko ƙane ya taso ya ɗauka.

Ba a daɗe da tafiyar Turawa ba wani mutum ya zo daga birni da mota mai lasifika a ka. Yana da akwati mai faifai biyu suna juyawa, da wani siririn zare a tsakaninsu, duk abin da aka faɗa ya kama ya maimaita. Mai-akwati muka riƙa ce mashi. Tun ranar farko bai kwanta mani ba. Gaisuwarshi ta yi yawa. Sau uku ya durƙusa wa maigidana kafin ya sha ruwan da na miƙa, kuma duk durƙuson idonshi na yawo a zauren.

Ya aje akwatin kusa da gwiwar maigida, ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Wasa, ilimi irin naka bai kamata ya bi ka kabari ba."

Maigida ya yi dariya, ya ce, "Wa ya gaya maka na ɗaura kayan tafiya?"

Amma yabo ya riga ya shige shi. Ya zauna ya zayyana mashi komai: a buɗe da gangar noma, don hatsin manoma ake wa murna, 'yan kama su biyo, mutane su saki jiki, sannan ƙananan 'yan kokawa, na huɗu kuma, in rana ta yi ja, a buga wa gwanin shekara. A lokacin gwanin wani saurayi ne na Ɗantutture, autan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wanda bayanshi bai taɓa taɓa ƙasa ba. Da aka yi kalankuwar shekarar, Mai-akwati ya zauna bakin fili kwana uku, faifanshi na juyawa.

Na ce wa maigida, "Malam, wanda ya zo koyon yadda kake ɗaure akuyarka, ba igiyar yake so ba."

Ya ce, "Ke dai 'yar Kurfi, ko inuwarki ba ki yarda da ita ba. Akwati zai hau keke ya je Ɗantutture gaisuwa?"

Na ce, "Ai abin da nake tsoro ke nan. Ba zai je ba."

Sarkin Makaɗa, wani dattijo abokin wasanshi, shi ma bai yarda ba. Ya ce mashi, "Kai ka ba shi baki, ni na ba shi hannu. Baɗi sai mu zo kallo, ni da kai, mu sayi ƙosai wajen matarka."

Da damina ta yi tsakiya, maciji ya sari saurayin nan na Ɗantutture a gona, bai kai yamma ba. Muka je gaisuwa ni da maigida. Tsohuwar tana zaune, yanar ido ta riga ta rufe mata gani, sai dai ta ga haske da duhu. Duk wanda ya ce mata Allah ya jiƙanshi, sai ta ce amin, sannan ta ƙara da cewa ita dai an gaya mata ne.

Kaka ta zagayo. Attajiran hatsi, waɗanda su ke ɗaukar nauyin wasan, suka kira maigida. Suka ce bana akwati zai yi kiɗa. Ya fi ƙara, ba ya fushi, ba a nema mashi masauki. Suka ce, "Jerinka ne dai, Sarki, daga bakinka aka ɗauka, ba abin da aka sake. Kai dai ka zauna ka huta." Har kujera suka sa mashi a gindin motar.

Na roƙe shi kada ya zauna a kujerar nan. Na ce in ya zauna can da sandarshi, duk abin da ya fito daga bakin lasifika nashi ne. Ya ce in bai je ba wa zai sa ido? Ranar wasan, da kunnena na ji ya ce wa Mai-akwati, "Na huɗun nan, mai shi ya rasu da damina. Ka tsallake shi."

Mai-akwati ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Tun a gida na yanke shi."

Bai ɗago ya dubi maigida ba. Wata waya yake warwarewa.

Na kafa kaskona inda na saba. Ban ankara ba sai ga maƙwabtan tsohuwar nan sun kawo ta a kan jaki, wai ta sha iska, ta daina zaman ɗaki. Suka sauke ta kusa da ni da faifan daddawarta. Na ce, "Inna, sannu da hanya." Ta ce, "Matar Sarki ce? Na ji ƙamshin manki." Taken ɗanta ya faɗo mani a rai, amma na tuna an ce an yanke.

Aka fara. Gangar noma ta fito daga lasifika da ƙara har awaki suka watse. Da aka zo kan ƙananan 'yan kokawa sai abin ya zama abin dariya, don makaɗi na gaskiya ƙafar mutum yake kallo, akwati kuwa ba ido. An kayar da mutum yana kakkaɓe wando, kiɗa na ta zuga shi. Sarkin Makaɗa, da ya zo ba ganga ya zauna gindin tsamiya, ya ɗaga murya ya ce, "A gaida makaho!"

Rana ta yi ja. Sai kiɗa ya sake.

Tun bugun farko na gane shi. Ba ni kaɗai ba, fili duka ya yi tsit. Kuma ba taken kaɗai ba ne, don bara da aka ɗauka saurayin ya fito ya yi kirari, akwati ya kama har da muryarshi. Sai ga ta, ta cika filin: "Sai ni gawo na bakin rafi! Sai ni autan mai daddawa, wanda bai san ɗanɗanon ƙasa ba!"

Na ga maigida ya miƙe ya sauke sanda. Kiɗa bai tsaya ba. Ya ɗaga ta ya sake saukewa da ƙarfi, har kanta ya bugi ƙasa. Shekara da shekaru hannun nan ke tsai da ganguna goma a lokaci ɗaya, ran nan faifai biyu suka ci gaba da juyawa a gefen gwiwarshi, shi kuma bai san inda ake taɓawa ba. Mai-akwati yana can gaban mota yana hira da attajirai.

Tsohuwa ta tashi, daddawa ta zube. Na kama gefen zanenta, hannuna da mai, ya suɓuce. Ta shiga tsakiyar fili da hannuwa a gaba, tana cewa, "Auta! Ga ni nan. Sun ce ka mutu, na ce ni ban gani ba." Mata suka fashe da kuka, wasu suka zura da gudu suna salati. Sarkin Makaɗa ne ya ruga ya fizge wayar lasifika, muryar ta katse a tsakiyar kalma.

Maigida ya je ya durƙusa gabanta. Ta lalubo wuyan rigarshi ta riƙe. Ta ce, "Sarki ne? Kai ke kira a filin nan. Ka kira shi ya amsa. To ina ka sa mani shi?"

Dakata, takwara, bari in share ido. Wannan wurin ban taɓa wuce shi a bushe ba.

Mai-akwati ya ce zare biyu ne iri ɗaya, ya ɗauko wanda ba shi ba. Wataƙila. Wataƙila kuma bai taɓa yanke komai ba, ya ce an gama ne don a ƙyale shi. Daga baya mata masu zuwa cin kasuwa sun ce mani a wasu garuruwa ana tururuwar kallon akwatinshi, wai mai sa matattu magana. Ban gani da idona ba, amma ban taɓa cire shi daga raina ba cewa da gangan ya yi nisa da akwatin a daidai lokacin. Shi dai washegari ya tada mota. Mu muka zauna da maganar. A gari cewa ake, jerin Sarki ne, ga shi zaune a gindin abin da sandarshi, kuma ya je gaisuwar yaron, ya san ya mutu.

Maigida da kanshi ya ja akalar jakin ya mai da tsohuwar Ɗantutture. Da ya dawo ya soke sandar a jinkar ɗaki. Da wata kakar ta zo attajirai sun haƙura da akwati, Sarkin Makaɗa ya zo da mutanenshi har zaure. Ya ce, "Tashi, malalaci, fili na jira." Maigida ya ce, "Na sauke sanda kiɗa bai tsaya ba. Ku nemi wani." Suka yi ta magiya, ya ce ko an yafe mashi, shi ya san bakinshi ne ya jera kiran nan. Wani aka ba, kuma an ci gaba da wasa, ba zan ce ba a yi ba.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana nomanshi. Goro bai fasa kawo mani ba har ya koma ga Allah. Amma bai ƙara tambayata abin da kunnena ya kamo ba. Nakan tara labari a bakin kasko, in dawo gida da shi, in rasa inda zan sauke. Wannan nake wa kuka har yau, fiye da sarautar.

Takwara ta ce nata abin ba irin wancan ba ne, wai yana da wayo, ya san abubuwa da yawa. Na ce ya san wanda ya rasu jiya a Ɗantutture? Ta ce in an rubuta. Na ce in ba a rubuta ba fa? Na ce kuma ranar da ya jero abin da bai kamata ba, wuyan rigar wa za a kama, nashi ko naki? Ta ce Kaka, kin cika zargi. Haka kakanta ya ce.

Jerin ina da shi duka a kaina, da dalilin kowane, har da waɗanda bai gaya wa Mai-akwati ba. Zan ba ki, don hakkinki ne. Amma ki tashi ki kai wayar nan madafa, ki kife mata ƙwarya, biron ma ki aje. In kin dawo ki matso ta wannan gefen, kunnen ya fi ji, ki fara gaya mani su wa za su zo taron naki, da wanda aka yi wa rasuwa a cikinsu.