Ranar da Suruki ya Riƙe Malam Ƙanta

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mana Malam Ƙanta daga Gaffati ba. Da kaka ne, ana cikin yankan hatsi, ina infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, a sashen ciwon ƙirji. Hoto ya nuna ruwa ya taru masa a gefen huhu, sai likita ya ce a zuƙo ruwan, a kuma gutsuro ɗan naman ciki a auna.

Ku sababbin ma'aikata, ga yadda ake yi. Majiyyaci ya zauna a kujera ya juya baya, wani nasa ya riƙe masa kafaɗu. A yi allurar kashe zafi tsakanin haƙarƙari, a dakata, a taɓa wurin a tambaye shi. In ya ce yana ji, a ƙara, ko a ba shi na sa gyangyaɗi. In ya ce ba ya ji, a shigar da babbar allura. Wanda ya rako tsohon nan kuwa Ilu ne, mijin ɗiyarsa, shi ya riƙe shi.

Likita ya taɓa ya ce, "Baba, da zafi?"

"Babu, lafiya lau."

Lafiya lau ina! Gumi na tsiyaya daga gemunsa, yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame takalmi. Na ce a hankali, "Likita, surukinsa ne fa a gabansa."

"Hajiya, da bakinsa ya ce babu. Kin ga mutanen da ke jira?"

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Likitan ba baƙo ba ne, ɗan ƙasar nan ne, ya san dattijo ba zai ce wayyo a gaban mijin ɗiyarsa ba ko yanka shi ake yi. Amsar ta yi masa daidai ne kawai. Aka yi aikin har ƙarshe, tsohon bai ko yi nishi ba.

Naman da aka gutsuro bai isa a gane cutar ba, sai an sake. Da na je gaya wa tsohon, na tarar har ya naɗe tabarmarsa. Ya aiki Ilu sayo goro, sannan ya ce, "Ɗiyata, ƙaho ya taɓa huda mini cinya, bai kai wannan ba. Na daure sau ɗaya. In aka sake, zan yi kuka yaron nan yana kallo."

Na rantse masa za a ƙara magani, za a fitar da Ilu waje. Ya ce in an fitar da shi ai ya gane dalili. Suka hau motar Mirriya da la'asar, suka nufi gida.

Bayan an gama sussuka sai ga Ilu da tiyar gyaɗa. Ya ce Baba ya rasu, numfashi ne ya gagare shi. Ya ce in miƙa wa likita gyaɗar.

"Allah ya saka masa, Hajiya. Hannunsa da sauƙi, Baba ko uffan bai ce ba."

Na ɗauki gyaɗar na shiga da ita. Likita ya karɓa, aka soya, aka ci a ofis.

Tun ranar, kafin kowa ya dafa kafaɗar majiyyaci sai na tambaye shi, "Me kake gare shi?" In suruki ne, ya jira a waje tun ba a fara ba, in riƙe da kaina. In kuma kun ji dattijo ya ce babu zafi, ku dubi ƙafarsa kafin ku yarda.