Faifai na Goma Sha Huɗu: Ga Ambrose Ugochukwu

Ranar Laraba, 11 ga Maris, 2009, bayan sallar la'asar, labari ya iso ni a Fagge cewa Ambrose Ugochukwu, mai shagon intanet a Sabon Gari, ya rasu da safiyar ranar bayan jinya ta mako biyu. Ban san ma yana jinya ba, kuma dalilin rashin sanin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ambrose, ka san ni tun ranar da na shigo shagonka da takarda a hannu, ni Hambali, malamin firamare mai shekara arba'in da bakwai, wanda ya koma karatun digiri na ƙarshen mako. Na faɗi jarrabawar aljabara, irin wadda ake jera lambobi a layuka da ginshiƙai, an kuma sanar da ni cewa idan na sake faɗuwa za a sallame ni. Duk ilmina daga 'yan littattafan darasi na same shi, waɗanda ake aiko mana ta gidan waya. Ban taɓa tunanin malami zai iya fitowa daga cikin na'ura ba.

Kai ka binciko mini laccocin bidiyo na wani farfesa na ƙasar waje, guda talatin. Kowacce takan ci yini kafin ta sauka daga intanet, wuta na ɗaukewa kana sake farawa. Ka zuba su a faifai, ka rubuta lamba a kan kowanne. Da ka lura Turancin mutumin ya fi ƙarfin kunnena, sai ka ja kujera kusa da ni kowace Asabar. Ya yi jimla, ka tsayar da shi, ka maimaita mini da Hausarka ta haifaffen Kano. Ba ka san lissafin ba, ni ban ji maganar ba, amma mu biyu muka haɗu muka zama ɗalibi guda.

Sai lacca ta goma sha huɗu ta ƙi sauka. Ka ce, "Malam, mu wuce ta sha biyar mana. Farfesan ba zai kai ƙararmu ba."

Na ce ban taɓa buɗe littafi na shida ban gama na biyar ba, kuma ba zan fara yanzu ba.

Ka yi dariya ka ce, "Kai ko tuwo aka ba ka sai ka nemi lambar shafi."

Ban yi dariya ba. Na ce idan ta samu ka aiko mini, na tashi na tafi. Asabar uku ban taka shagonka ba, ina zaune a ɗaki ina jin haushin faifai. Daga Fagge zuwa wurinka tafiyar ƙafa ce ta minti ashirin. Na auna ta sau da yawa tun daga ranar Laraba.

Da na je gaisuwa, na tarar an riga an tafi da kai garinku a kudu, inda za a binne ka kusa da iyayenka. Ko kabarin da zan tsaya a kai babu a Kano. Matarka, Madam Felicia, ta miƙo mini ambulan mai ɗauke da faifai na goma sha huɗu, ta ce, "Malam Hambali, ya ce kada a aika, ka zo da kanka ka karɓa. Ya ce ba za ka gane shi kai kaɗai ba."

Jiya na kunna shi a makaranta bayan yara sun tashi. Farfesan ya yi jimlar farko, na tsayar da shi, na juya dama. Kujera ce kawai. Saura kwana goma sha tara jarrabawa. Zan zauna mata, kuma yau na buɗe na goma sha biyar ban gama na sha huɗu ba, kamar yadda ka ce tun farko.

Mahaliccinmu ya san abin da ka yi mini, a hannunsa na bar sakamakonka, ina roƙon ya dube ka da tausayinsa. Ga Madam Felicia, da 'ya'yanka Ogechi da Kosisochukwu, da maƙwabtanka na Sabon Gari, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku zuri'a. Ni kuma ya yafe mini Asabar uku.