Hular Saje Ummaru a Gaban Motata

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Saje Ummaru, mutumin Damri, sojan ƙafa da ya faɗi a bakin daga can Arewa maso Gabas. Can aka rufe shi a maƙabartar sojoji, kuma har yau babu ɗan gidanmu da ya taɓa tsayawa a kan kabarinsa. Ni ƙanensa ne, Garba, direban motar haya daga tashar Talata Mafara zuwa Bakura, wata rana Maradun har Janbako. Karatuna bai wuce firamare da allo ba. Na so in rubuta alherinsa kawai in ajiye alƙalami, sai na ga ba zan iya faɗin nasa ba sai na tona nawa.

Yaya ya shiga soja ne yana saurayi, shekarar da damina ta yi mana gardama. Mahaifinmu bai so ba, amma bai hana ba. An kai shi Laberiya, an kai shi Saliyo, daga baya Darfur, kafin yaƙi ya dawo gida. Ya haura shekara ashirin a cikin kaki bai wuce saje ba, saboda bokonsa kamar nawa ne. Na taɓa tambayarsa mene ne bambancin sojan ƙafa da sauran sojoji. Ya yi dariya ya ce, "Kai inda motarka ta tsaya, nan aikinka ya ƙare. Mu nan namu ke farawa." Iyakar abin da na taɓa tambayarsa game da aikinsa ke nan. In ya zo hutu ya fara ba da labari a ƙofar gida, ni hankalina yana kan jakar tsaraba.

A gida muna ce masa inuwar giginya, don ya fi zama a nesa. Amma in ya zo, ba ka gane soja ne. Zai ninke kakinsa ya ba matarsa Hajo ta ajiye, ya sa tsohuwar taguwa, ya sauka fadama ban ruwan albasa. Ya sha shiga motata zuwa Mafara. In mun kai shingen bincike, sauka yake yi tare da fasinjoji ya tsaya a rana, bai taɓa buɗe baki ya ce shi wane ne ba. Nakan ce masa, "Yaya, kalma ɗaya fa za ka yi mu wuce." Sai ya ce, "Bari yaro ya yi aikinshi."

Da labarin rasuwarsa ya zo, ni aka tura bariki in karɓo kayansa. Akwatin ƙarfe ne guda, da takalma, da bargo, da ƙaramin Alƙur'ani, da hularsa ta soja a sama. A hanyar dawowa na cire hular na tura ƙarƙashin kujera. A lokacin na gaya wa kaina cewa abin tunawa nake so. Da na kai akwatin gaban Hajo tana cikin takaba, ta fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga kai ta ce, "Garba, hularshi hwa?" Na ce ba ta ciki. Ta mayar da kayan cikin akwatin ta rufe.

Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san amfanin hular soja a gaban mota. Kana ɗora ta jikin gilashi, mai tsaron shinge zai hango ta tun daga nesa, ya ɗaga maka hannu ka wuce. Ba a yi arba'in ba na gwada, kuma ta yi aiki. Daga nan ta zama kamar takardar mota. In wani ya matsa ya tambaya, ina da amsa a shirye: ta yayana ce, Saje Ummaru, yana bakin aiki. Ban taɓa cewa marigayi ba, domin na lura an fi jin nauyin soja mai rai. Mutumin da ke kwance a kabari, ni kullum ina tashe shi in sa shi gadin motata. A tasha abokan aiki suka laƙaba mini Ƙanen Saje, 'yan kasuwa masu sauri suna jiran layina, ni kuma ina hura hanci. In zan shiga Damri kaɗai nake sauke hular in ɓoye.

Da abin ya tsaya nan, da ƙila ban yi wannan rubutu ba. Amma ƙasarmu ta canja bayan Yaya. Dajin da muke zuwa itace da shi muna yara ya zama na 'yan bindiga, ƙauyukan da nake sauke fasinja wasu sun tashi, gonaki sun koma saura. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga irin yaƙin da ya je tarewa a ƙasashen wasu ya zo har ƙofar gidan ubansa. Lokacin da aka hana sayar da fetur a jarka don a toshe wa mutanen daji hanya, wani mutum ya same ni a tasha. Kowa Alhaji yake ce masa, ban san sunansa ba, ban kuma nema ba. Ya ce yana da buhunan dusa da za a riƙa kai masa gaba da Janbako, a sauke a bakin wata hanyar shanu. Ya zaɓe ni ne saboda motata ba a buɗe ta. Direba ya san warin fetur ko a cikin barci. Na san abin da ke ƙarƙashin dusar tun lodin farko. Na ga masu babura da ke zuwa ɗauka, na ga ba su yi kama da masu injin ban ruwa ba. Na ce wa zuciyata ni dai ɗan dako ne. Na kai, na sake kaiwa, na sake.

Wata ranar kasuwa da hantsi, na iso shingen da ke kan hanyar Maradun da irin wannan kaya a but. Sababbin sojoji ne, ba waɗanda na saba da su ba. Babbansu wani samanja ne mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta mutanen Filato. Bai ɗaga mini hannu ba. Ya tako har gefen mota, ya dubi hular, ya dube ni.

"Direba, hular wane ne wannan?"

"Ta yayana ce, yallaɓai. Saje Ummaru Damri. Yana bakin aiki."

Ya sake duban hular. Sannan ya ce, "Wane bakin aiki? Ni na ɗauko gawarsa."

Ban san abin da fuskata ta nuna ba. Na jira mari, ko a ce in fito in kwanta a ƙasa. Shi kuwa ya ɗauka kewa ce ta sa na kasa cewa ya mutu. Ya dafa ƙofar motar ya ce in yi haƙuri, shi ma wani lokaci sai ya ga kamar Oga zai ɓullo. Ya kira yaransa ya ce su zo su ga ƙanen mutumin da yake ba su labari.

A tsaye nan, fasinjoji suna ji, na fara sanin yayana. Samanjan ya ce yana kurtu aka haɗa shi da Yaya a Darfur. Duk inda suka yada zango bayan tafiyar ƙafa, Saje ba ya zama sai ya sa kowa ya cire takalmi ya duba masa ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, Musulmi da Kirista. Yana da gwangwanin man kaɗe da matarsa ke aiko masa, da hannunsa yake shafa wa wanda ƙafarsa ta tsage. Suna yi masa tsiya suna kiransa ungozoma, shi kuma ya ce sojan da ƙafarsa ta ruɓe bindigarsa sanda ce. In ana tafiya, shi ne na ƙarshe a layi, don kada a bar kowa a baya. Ranar da ya rasu ma, ya riga ya fita daga inda ake wuta, ya ƙirga yaransa ya ga ɗaya ba ya nan, ya koma. Yaron yana nan da rai, in ji samanja, har ya yi aure.

Wani ƙaramin soja ya nufi bayan motar zai buɗe but. Samanja ya daka masa tsawa. "Kai, bar nan. Motar gidan Saje Ummaru za ka bincika?" Sannan samanjan ya ja baya ya ƙame, ya sara wa hular, ya ce in gaida iyalin Oga.

Zan so in ce na fito na buɗe but ɗin da hannuna. Ban yi ba. Na sa giya na wuce, na kai kayan inda na saba kaiwa. Wannan ne lodi na ƙarshe, amma na kai shi. Ban san wane babur ya sha wannan fetur ba, ban san wane gari ya je ba, ban san ko ya biyo ta kan shingen nan ba. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ciki ɗaya muka fito da mutumin da ya koma cikin wuta saboda ɗan wani.

Washegari na tafi Damri da hular a hannu. Rana ta cinye launin gefen da ke kallon gilashi. Na sami Hajo tana sheƙar gero a tsakar gida, na durƙusa na ajiye a gabanta. Ta dube ta, ta ci gaba da aikinta.

"Sai yau ta hito daga akwatin?"

Na ce ta yafe mini, ƙarya na yi mata.

"Garba, wa ab bai ganta ba? Ni kaina na ganta ran kasuwar Bakura, kana lodi. Na bar maka ita ne, nic ce ƙila tana tsare ka bisa hanya, tunda shi ba ya nan."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na gaya mata sauran, dusar da jarkokin da samanjan, ban rage komai ba. Ta ajiye ƙwarya. Ta ɗauki hular ta kakkaɓe ta da gefen zanenta. "Ƙaryar da kay yi mini na yahe," in ji ta. "Wancan kuwa ba ni za ka roƙa ba." Ta shige ɗaki, ba ta fito ba har na tafi.

Na koma shingen bayan na tara ƙarfin hali, da niyyar in faɗa wa samanja gaskiya ko da zai sa a tsare ni. Na tarar an canja su. Waɗanda na samu ba su san inda aka kai su ba. Na kai kaina wurin masu iko a garinmu na faɗi abin da na sani game da Alhajin, wanda tuni ya ɓace daga tasha. Abin da aka yanke mini na karɓa, bai kai abin da na cancanta ba. Amma shi mutumin da na ci amanarsa ido da ido, har yau bai ji ba.

In na auna abin da ya rage na Yaya, ban ga gida ba, ban ga gona fiye da wadda ya gada ba, hular ma ta koɗe. Abin da ya bari shi ne wani mutum da ke yawo da ƙafafunsa a wani gari yana renon 'ya'ya, da sojojin da ke duba ƙafar yaransu don sun ga ya yi, da suna mai nauyin da zai sa dattijon soja ya hana a taɓa motar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya shekara ashirin da wani abu yana tara wannan suna a ƙafa, ni na kashe shi a zaune. Allah Ya jiƙan Saje Ummaru da duk waɗanda suka kwanta tare da shi, waɗanda aka san kaburburansu da waɗanda ba a sani ba.

Samanja, ban tambayi sunanka ba, kamar yadda na saba rashin tambaya. In kana raye, in wani ya karanta maka wannan, ka sani ranar nan yaronka ne ke da gaskiya. Akwai fetur a but ɗin. Abin da ka faɗa game da Oganka duk haka yake, kada ka rage ko kalma. Amma in ka sake ganin hula a gaban mota, ko ta wace ce, ka sara mata, sannan ka sa a buɗe.