Titin da Ya Raba Inna da Yayarta

Titin da aka shimfiɗa ta tsakiyar unguwarmu a kudancin Jidda, faɗinsa ya isa mutum ya yi sallar ƙasaru kafin ya haye. Ana cewa na cika ƙarin gishiri, to a je a auna. Katafila ta lashe layukan tsakiya, har da gidan da aka haife ni, muka koma haya ta yamma. Yayar Inna, wadda muke kira Goggo, ta rage ta gabas, ga shi ɓarin jikinta ya shanye.

Zagayen taksi ta gaban masu duba takardu yake bi, Inna kuwa ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Tsallakawa da ƙafa ma, tun ranar da aka kwashe wata mai gyada a cikin zani daga kan kwaltar, Inna ba ta ƙara gwadawa ba. Gaisuwarsu ta koma bakina.

Dattawa suka ce a je baladiyya, ofishin hukumar gari, a roƙi gadar ƙafa. Ni aka tura gaba saboda Larabcina na haifaffen gari. Mun yi zarya har mai gadi ya san tarin kowannenmu. Rannan wani injiniya ya dube mu da fara'a.

"Ya hajj, wa zai haye? Ai a taswirarmu wurin nan fili ne."

Limaminmu ya taɓa ni. "Ɗan nan, gaya masa aljanu ne suka zo gaishe shi."

Na fassara, aka kwashe da dariya.

Sai da na yi furfura da tumbi aka kafa gadar, da matakala kamar ta zuwa sama ta bakwai. Gwiwar Inna ta ƙi, na goya ta. Na shirya yi mata tsiyar nauyi, sai na ji kamar mayafinta kaɗai na ɗauko.

A tsakiyar gada ta ce, "Kai, tsaya." Ta nuna ƙasa. "Ka ga inda tankar can ta taka? Bayan ɗakina ke nan. Cibiyarka na ƙarƙashi, da ta ƙanenka da bai kai suna ba."

Ƙarfen gadar sai karkarwa yake a tafin ƙafata.

Muka tarar da Goggo kwance a tabarma. Ta daɗe tana duban Inna.

"Wace ce wannan tsohuwar?"

"Yaya, ni ce."

"A'a. Ƙanwata na nan bayan katanga, yanzun nan na ji dakanta. Ta kusa shigowa."

Inna ta cire takalmi, ta zauna a gefen tabarmar, ta gyara wa Goggo ɗankwali.

"To, bari mu jira ta tare."