Ɗantsoho da Gwangwanin Fetur

Kowace ranar kasuwar Furfuri, tun kafin masu tumatir su gama kasa kayansu, Malam Ɗantsoho ya riga ya ɗaure lasifikokinsa biyu a reshen darbejiya. Ga ɗan janareto a gefe, ga wani gwangwanin madara mai tsatsa rataye a wuyan babur. Da hayar waɗannan kaya yake ciyar da gidansa: biki a Tudun Wada, wa'azi a Tsafe, saukar karatu a Bungudu. Amma in kakar zaɓe ta kama, sai ya ajiye haya, ya kafa abin da mutane ke kira dandalin gwangwani.

Dokar dandalin ɗaya ce. 'Yan kasuwa ke karo-karo su sayi fetur. Duk ɗan takarar da ya zo, a jif ya zo ko a ƙafa, Ɗantsoho zai tsiyaya masa gwangwani guda a tanki. Mai na ƙarewa, janareto ya mutu, jawabi ya ƙare. Ɗantsoho ya bi rumfa-rumfa da hujjarsa har wasu na cewa ya zare: "Wanda yaz zuba mai, shi ad da murya. In mu munka saye, sai su saurare mu. In kasuwa ta iya, mi ka hana gwamnati ta yi ma ƙasa duka, a bar tsere da kuɗɗi?"

Mutanen Furfuri ba su manta ranar da aka gwada dokar ba. Ɗayyabu, tsohon malamin gona da ya fito takara, ya yi jawabinsa kan taki da hanya, ya sauka. Sai ga abokin takararsa, Alhaji Mahadi ɗan kwangila, da motoci cike da 'yan banga, kowa da gora. Alhaji ya karɓi makirufo, ya shiga gaishe da iyayen gidansa ɗaya bayan ɗaya, maroƙi na tayawa. Ya kai daidai "Abu na farko da zan yi muku" ke nan, janareto ya yi tari sau biyu, ya ɗauke.

Jagoran 'yan bangar ya ciro jarka daga mota, ya nufi tanki. Ɗantsoho ya riga shi, ya zauna daram a kan janareton, duk da zafinsa. Abincin 'ya'yansa ne a ƙarƙashinsa, kuma ya san gora ba ta jin lallashi.

"Baba, tashi."

"Ɗana, gwangwani guda na. Shi anka ba Ɗayyabu."

"Ka san ko wa ka magana?"

"Na san shi. Ni nis saka lasifika ran aurenai."

Marin da jagoran ya sauke wa Ɗantsoho a kunnen hagu, har masu awo sun ji ƙararsa. Aka kakkaɓo lasifika ɗaya, aka tattake ta. Ɗantsoho bai tashi ba. Inna Hajjo mai kifi ce ta fara zuwa ta tsaya a bayansa, sai mahauta suka biyo, sai masu hatsi. Da Alhaji ya dubi yawan idanun da ke kansa, ya ce wa yaransa su shiga mota.

Kada a ce labari ya yi daɗi. Alhaji ne ya ci zaɓen, kuma manyan gidaje suka daina kiran Ɗantsoho biki. Wannan abu har yau yana ƙona mini rai. Sai dai kasuwa na zagayowa, Inna Hajjo ta zo da fetur a kwalba, Bulus mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya ɗinke lasifikar kyauta, dandali ya ci gaba.

Kai ne, Ɗantsoho, ka ba kowa murya daidai wa daida, ka biya da kunnenka. Kai ne ka nuna mana cewa wanda muka ciyar ya hau, mu zai ji kunya. Dutse a kan tanki, ba a ɗaga ka da jarka.

A bana jin Ɗantsoho ya ragu sosai, ya ce zai huta. A taron sallama aka miƙa masa makirufo, ya ce a tsiyaya masa nasa gwangwanin. Yana tsakiyar godiya mai ya ƙare. Jama'a suka ɗau ihu, "A ƙara mai! A ƙara mai!" Ya girgiza kai, ya kife gwangwanin a kan tanki, ya koma ya zauna.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Ku kuwa jama'a, ga zaɓe na ƙaratowa, gwangwani na nan a kife inda ya bar shi. Wani ya zo ya ɗauka.