Rigar da Ba Shafi

Tela ne, amma ba ruwansa da ɗinkin wando. Tun yana saurayi rigunan bikin yaye ɗalibai yake ɗinkawa, kuma jami'o'i da makarantun kasuwanci na ƙasar kusan duk sun bi ta ƙarƙashin allurarsa. Shi kansa bai taɓa zama a ajin ko ɗaya ba, amma kar ka kuskura ka tambaye shi wacce ta fi, sai ka wuni a tsaye.

Ma'auninsa yadi ne kawai. Makarantar da ta kawo yadi mai nauyi ta ce a sa shafi, ta san darajar ilimi. Wadda ta kawo shara-shara, wasa take da 'ya'yan mutane. A wajensa tsohuwar jami'a mai shuɗiyar riga ce a sama, can ƙasa kuwa wata makarantar kasuwanci mai ruwan toka, wadda kullum sai ta ce a bar shafin, wai zafi.

Autarsa na gama sakandare ya yanka mata shuɗiya, ya ɗinke ta a natse, ya rataye a leda bayan ƙofar shago. Bai tambaye ta ba. Me zai tambaya?

Sai ga yarinya ta zaɓi ruwan toka.

"Baba, na bincika fa," in ji ta. "A can tun kafin ka gama ake tura ka kamfani koyon aiki. A jami'ar kuwa ajin cike yake, daga baya ko muryar malami ba ka ji."

"Ke Auta, mutanen da suka kasa sa wa riga shafi, me za su sa miki a ka?"

Matarsa ta leƙo daga tsakar gida. "Malam, karatu za ta je yi ko nunin kaya?"

Ya yi tsaki ya koma kan keke. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya kuma yi shekaru yana mita. Duk wanda ya shigo shago, ko maɓalli ya zo saye, sai ya ji labarin. An taya shuɗiyar rigar ba sau ɗaya ba, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Da lokacin yaye su Auta ya zo, makarantar ta aiko da aikinta kamar kullum, yadin nan dai da ake hango mutum ta cikinsa. Ya yi ta ɗinki yana ƙunƙuni, har ya zo kan tata, wadda ba ya bukatar awo. Ya ɗaga ta a haske, takaici ya kama shi. A cikin wannan tsumman 'yarsa za ta tsaya gaban jama'a?

Ya sauko da shuɗiyar, ya daɗe yana shafa ta. Sannan ya ɗauki reza ya warware shafinta a hankali, ya ɗinka shi cikin ruwan tokar.

Auta ta zo gwaji, ta ɗaga rigar ta yi turus.

"Baba, tawa ta fi ta kowa nauyi. Zafi zai kashe ni!"

"Ki sha zafin," ya ce, bai ɗago daga keken ba.

Sai ta juya cikin rigar ta ga shuɗi. Ta dubi bayan ƙofa, ta sa rigar.